Faretin da Ya Nufi Tukwane

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ja fareti a Betso, kuma ko da na so in manta, mutanen Betso ba za su bar ni ba. Har yau in na haɗu da ɗayansu a kasuwar Mubi sai ya ƙame ya ce, "Kofur, yau ina muka nufa?" In yi dariya, don in ban yi ba me zan yi? Amma dariyar iyakarta haƙora, domin a wurin makoki abin ya faru, kuma makokin abokina ne.

Bari in fara da abin da na daɗe ina ɓoyewa: ni ban san hagu da dama ba. Kada ka yi saurin dariya. In ina zaune a shagona hankali kwance ka tambaye ni, zan nuna maka. Amma a daka mini tsawa a ce "Dama!", sai kaina ya ɗauke wuta. Bahago aka haife ni a Mugulbu, kuma mahaifina (Allah ya jiƙansa, bai san wasa ba) ya rantse ba za a ci tuwo da hagu a gidansa ba. Muciya, tsumagiya, bayan ludayi, babu wanda hannuna bai ɗanɗana ba. Rabin nasara ya samu: a gabansa in ci da dama, da ya fita gona in koma hannuna na asali. Haka na tashi da hannun tuwo biyu, kuma wannan ne ya kashe ni.

A sakandaren da na yi a cikin Mubi akwai ƙungiyar kadet, wato ƙananan sojoji na makaranta. Kaki mai sitati, bindigar katako, sai fareti bayan an tashi daga aji. Ni kakin ne ya ja ni, ba kishin ƙasa ba (akwai wata 'yar ajinmu da nake so ta gan ni a ciki, ta gan ni ɗin, ba ta ce komai ba). Mai horar da mu wani tsohon soja ne mutumin Betso, Saje Tumba. Gajere ne, kakkaura, kuma ban taɓa ganin haƙoransa ba sai in yana ba da oda. Hausarsa irin tamu ce ta nan, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya" ne. Ranar farko ya jera mu a rana ya ce, "Wanda bai sani ba, dama shi ne hannu da kake ci tuwo da shi. Rai tan!" Kowa ya juya gefe ɗaya, ni na juya ɗayan, muka yi hanci da hanci da yaron da ke kusa da ni.

"Kai! Da wane hannu kake ci tuwo?"

"Ya danganta, Sa."

Tsallen kwaɗo na yi daga filin har bakin mayo, wato rafi, na dawo. Washegari da rarrafe na shiga banɗaki.

Saje bai ɗauki abin wasan yara ba. Karin wando sai ya miƙe, takalmi sai ya yi ƙyalli, hannu ya tashi daidai kafaɗa, ido kuma a gaba ko da kunama ce ta hau ka. Abin mamaki, in muna fareti ba ya kallonmu. Sai ya ba mu baya, ya rufe ido, ya karkata kai. "Ni ba na kallo fareti," in ji shi, "ji nake yi. Ƙafa da yawa, ƙara ɗaya. In na ji biyu, wani yana ƙarya." Kuma wallahi zai juyo ya nuna mai ƙaryar da sandarsa, bai taɓa kuskure ba.

Yana da wata doka da muka tsana: na baya ba ya gyara na gaba. Inda na gaba ya sa ƙafa nan za ka sa taka, gyara aikin mai ba da oda ne. Wata rana da damina da gangan ya bar na gaba ya nufi kwatar bayan kicin, ya yi shiru abinsa. Muka shiga har ƙwauri. Waɗanda suka yi wayo suka kauce, su suka sha birgima a cikin kwatar, mu da muka shiga aka sallame mu. Daga ranar, ko rami na gaba ya nufa, bin sa muke yi.

Sai sulo mac, tafiyar nan ta a hankali da sojoji ke yi wa gawa. Ka ɗaga ƙafa, ka miƙe yatsu, ka riƙe ta a iska kamar ka manta da ita, sannan ka sauke. Ta fi gudu wahala. Mu muna ganin ɓata lokaci ne, wa zai mutu a cikinmu? Shi kuwa a kanta ya fi zafi. "Kowane fareti ana sakewa," yakan ce, "wannan ba a sakewa. Mai shi ba zai tashi ya ce ku koma ba."

Da tuni an kore ni in ba don Zira ba. Zira ɗan Saje ne na cikinsa, dogo, mai yawan shiru, kuma duk cikinmu ba wanda ya kai shi shan wuya, don uban ba ya so a ce ya nuna son kai. A fili "Sa" yake ce wa ubansa kamar kowa. Saboda tsayi shi ke tsayawa a ƙarshen layi, ni kuma ina kusa da shi. Da ya ga tsallen kwaɗo zai nakasa ni, sai ya ja ni bayan aji ya ce, "Ka manta da hagu da dama. In na ce zo, ka juyo wajena. In na ce je, ka juya can." Shi ke nan. Saje zai ja oda, "Raaai..." kafin ya sauke ta sai in ji wata 'yar murya ta fito ta tsakanin haƙoran Zira, leɓensa ko motsi ba ya yi: "Zo." In juya tsaf. "Leeef..." "Je." In juya tsaf. In kuwa tafiya ake yi, ƙeyar na gabana kawai nake bi.

Da zo da je na zama gwani. Da zo da je aka ɗaura mini igiya biyu, na zama Kofur, har ina sa ƙananan yara tsallen kwaɗo in sun juya ba daidai ba (Allah dai ya yafe mana). Na taɓa tambayar Zira, ranar da ba ka nan fa? Ya dube ni kamar na yi tambayar banza. "Ina za ni?" in ji shi.

Lokacin hutu nakan bi shi Betso. Mahaifiyarsa, Mama Kuve, mace ce mai fara'a da yawan ba da abinci, amma da an ambaci soja sai fuskarta ta canza. Ta sha zaman jira a ƙuruciyarta, Saje yana can inda ba ta sani ba. "Soja ɗaya ya ishe gida nan," takan ce. Saje ya yi kamar bai ji ba.

Da muka gama makaranta Zira ya shiga soja na gaske. Ni ma na je wurin ɗauka, aka duba ni sama da ƙasa aka ce in koma gida. Na dawo na ce wa mutane ba ni da uwa a gindin murhu ne kawai, na koyi ɗinki, na buɗe shago a Nassarawo. Amma sunan Kofur bai bar ni ba, ni ma ban bar shi ba. Duk wanda ya zauna a bencin shagona sai ya ji labarin fareti. In an nuna sojoji a talabijin in taɓe baki in ce layinsu ya karkace, da a hannun Saje Tumba suke da sun ga ta kansu. Wai ni! Mutumin da in fasinja ya tambaye shi kwatance sai ya nuna da baki.

Shekarun da suka biyo baya duk ɗan Mubi ya san su, ba sai na ba da labari ba. 'Yan bindiga sun shigo gari, mun gudu, mun dawo, mun tarar da abin da muka tarar. Zira yana can daji a fagen daga duk tsawon lokacin. In ya samu hutu yakan biyo ta shagona, ya tsaya a bakin ƙofa, ya rame, ya ƙara shiru, ya ce ta tsakanin haƙora, "Kofur, zo." In tashi mu rungume juna.

Sai wata damina labari ya zo. Kafin ma a sanar da gida an riga an binne shi can wata maƙabartar sojoji mai nisa. Abin da aka kawo Betso jaka ce ƙarama: bel, ƙaramin Littafi Mai Tsarki, da hularsa ta soja. A lokacin idon Saje ya riga ya tafi, sai an ja shi da sanda. Mama Kuve kuwa, aka ce tun ranar da jakar ta shigo gidan ba ta ƙara yi masa magana ba. Ta dafa, ta aika masa, shi ke nan. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba.

Saje ya aiko wa tsofaffin kadet ɗinsa da saƙo. Ya ce za a yi addu'a a coci, amma shi bai ji faretin ɗansa ba, kuma yana so ya ji. Sulo mac yake so, a ɗauko hular a kawo masa a hannu. Bai roƙi komai ba bayan wannan.

A shagona muka taru, mu goma sha wani abu, Kirista da Musulmi, duk mun ajiye tumbi. Da aka zo kan wanda zai shiga gaba ya riƙe hular ya ba da oda, Bulus, wanda yanzu direban babbar mota ne, ya ce, "Ai Kofur ne. Abokinsa ne, kuma shi ke da igiya." A nan ne ya kamata in buɗe baki in faɗi gaskiya. Na buɗe bakin kuwa. Abin da ya fito shi ne, "Wa kuma in ba ni ba?"

Na yi shiri, kada ka ce ban yi ba. Ni na buɗa wa kowa kakinsa. Ni na ɗinka farin ƙyalle mai geza da za a shimfiɗa a faranti a ɗora hular. Mun yi gwaji a filin ƙwallo na unguwa, komai ya tafi daidai, don na lura in an ce dama wajen turken wutar lantarki ake juyawa (ban tsaya na tambayi kaina ko za a tafi mini da turken Betso ba). Don ƙarin tsaro na ɗaura jan zare a wuyan hannuna.

Ranar ta zo da ruwan sama. Mayo ya cika, muka tsaya a bakinsa da mashinanmu muna kallon ruwa har ya ja baya. Kafin mu isa an gama addu'a, jama'a sun fito fili suna jiranmu. A bayan coci muka sa kaya a gurguje, ko filin ban leƙa ba. Wani dattijon coci ya miƙo mini hular da hannu biyu, ya ce, "In kun fito ku miƙe. Da kun kai bishiyar mangwaro ku yi dama, Baba Saje yana can a rumfa." Na ce to. Na ɗora hular a faranti. Ta tsufa, gumi ya cinye bakinta, kuma tana warin man da Zira ke shafawa a kai.

Muka fito. Ban taɓa ganin Betso ta cika haka ba, mutane sun yi katanga ta kowane gefe, sun bar mana 'yar hanya a tsakiya. Na ba da oda, muryata ta fita yadda nake so. Kuma gaskiya ƙafafun nan ba su manta ba. Direba, malamin firamare, mai gyaran waya, mai sayar da taki, duk muka ɗaga tare muka sauke tare. Ƙara ɗaya. Har na ji wani abu mai kama da alfahari yana taso mini, a ranar makokin abokina, ka ji fa.

Sai ga mangwaro.

Na ja oda da ƙarfi, "Raaai..." kuma a wannan ɗan tsakanin na kama kaina ina saurare. Jiran muryar nake yi. Shekaru sun wuce, na san an binne shi, ga hularsa a hannuna, amma kunnena ya karkata yana jiran a ce zo ko a ce je. Ba wanda ya ce komai. A lokacin ne na san Zira ya mutu, ba ranar da aka faɗa mini ba. Hawaye suka rufe mini ido. Na leƙa jan zaren ta gefen faranti, yana nan daram, sai dai na kasa tuna ko a hannun da zan bi na ɗaura shi ko a wanda zan guje wa. Saura dabara ɗaya, ta Saje: hannun da kake cin tuwo da shi. Iska kuma ta kaɗo mini ƙamshin tuwo da miyar yakuwa daga gefe ɗaya.

"...wil!" na sauke odar. Bakina ya ce dama, ƙafata ta yi hagu.

Bulus ne a bayana. Daga baya ya ce mini ya gani sarai, duk sun gani. Amma na baya ba ya gyara na gaba, kuma hular tana hannuna, za su bar ta ta tafi ita kaɗai ne? Suka biyo ni. Jama'ar da ke wannan gefen suka dare suna kallon juna, wataƙila sun ɗauka wata al'adar sojoji ce. Mu kuwa muna tafe a hankali, fuska a ɗaure, muna ɗaga ƙafa muna riƙe ta a iska, har na share idona da ƙiftawa na ga inda muka nufa. Manyan tukwane ne a kan duwatsu, hayaƙi na tashi, mata sun tsaya da muciya a hannu baki buɗe.

Abin da ban gani ba, sai daga baya aka ba ni labari, shi ne abin da ke faruwa a rumfa. Saje ya ji oda daidai. Da ya ji "Rai wil" sai ya ture hannun mai riƙe da shi, ya miƙe da kansa, ya gyara tsohuwar rigarsa ta soja, ya ƙame, ya sara. Tsoho makaho yana tsaye yana sara wa fili babu kowa, ƙarar ƙafafun da yake jira tana ƙara yin nisa. Aka ce ba wanda ya iya ce masa ya sauke hannu.

Ni kuwa na iso gaban tukwane, hanya ta ƙare. Odar tsayawa kalma ɗaya ce, yaron firamare ma ya san ta, amma ta gudu daga kaina. Sai na ci gaba da taka ƙafa a wuri ɗaya, mutanena ma suna takawa a bayana. Kuma a gabana, a kan 'yar kujerar tsuguno, Mama Kuve ce zaune. Ashe ta ƙi zama a rumfa. Ta ce ba za ta zauna ta kalli wasan da ya cinye mata ɗa ba, ta koma cikin masu girki. Wurin da ta gudo don kada ta ga hular, nan na kawo mata ita a faranti, da ƙyalle mai geza.

Ta dubi hular. Ta ɗago ta dube ni, ni da na sha cin tuwonta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Na ba ku yaro da kai nashi," ta ce. "Kun kawo mini hula. Ina kai?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Hayaƙi na shiga idona, majina na zuba, ba hannun sharewa, ƙafata kuma ta ƙi daina takawa.

Sai muka ji ta. Muryar nan da ke sa mu fitsari a wando muna yara, ta tsallako kan jama'a daga can rumfa, ba ta tsufa ba ko kaɗan.

"Fareti! Abaaau... tan!"

Jikinmu ya juya kafin mu sani. Ko ni na juya daidai, don wannan odar ba ta da hagu ba ta da dama a wurina, baya kawai ake komawa. Yanzu na ƙarshe ya zama na gaba, ni mai igiya biyu na koma wutsiya. Saje ne ya ja sauran faretin da kunne, yana tsaye inda yake, yana kiran ƙafa a hankali har muka wuce mangwaro muka iso gabansa. Faretin ɗansa, wanda ya roƙa a yi masa don ya tsaya ya saurara kawai, shi ya ƙare da ba da oda a ciki. Ni na iso a ƙarshe. Na miƙa farantin, ya laluba ya ɗauki hular, ya shafa bakinta da babban yatsa. Ba wanda ya yi dariya a filin nan, kuma da sun yi da na fi samun sauƙi.

Da aka fara rabon abinci na zame na nufi inda muka ajiye mashina. Har na ɗora ƙafa Bulus ya dafa ni ya ce Baba na kira.

An riga an mayar da shi gida, yana zaune a ɗakinsa shi kaɗai, hular a kan gwiwarsa. Na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Baba, ga ni."

"Kofur."

"Na'am, Sa."

"Da wane hannu kake ci tuwo?"

Sai ya karkata kai kamar yadda yake yi a fili, ya ce ta tsakanin haƙora, "Zo. Je. Zo. Je." Tsigar jikina ta tashi, don muryar ta yi kama da ta mai ita. "Kuna tsammani ban ji ba? Ni da nake ji ƙafa ɗaya a cikin ƙafa da yawa? Tun rana na farko nake ji."

"To me ya sa ba ku hana ba, Baba?"

"Soja da ya rufa wa na kusa da shi asiri, ba a hana shi." Ya juya hular. "Kai ne na yi tsammani ka koya."

Na ce ya yafe mini, na ɓata masa abin da ba a sakewa. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Sannan ya yi tambayar da na gane ita ce dalilin kiran.

"An ce Mama naku ya yi magana. Kunne na bai kai can ba. Ya ce mene?"

Na so in yi ƙarya, wallahi na so. In ce ta sa albarka, ko ta yi addu'a. Amma mutumin nan yana jin ƙaryar ƙafa, balle ta baki. Na faɗa masa yadda ta faɗa, ban rage ba. Ina kallo haɓarsa ta fara rawa, ya danne ta. Ban taɓa zaton zan ga haka a fuskar Saje Tumba ba, kuma ba na fatan in sake gani.

"Gaskiya nashi," ya ce a hankali. "Ni na kai shi."

Ya miƙo hular wajen da yake jin numfashina. "Ba nawa ba ne. Kai mishi. Ba da faranti ba, da hannu."

Na karɓa na miƙe, na tsaya a bakin ƙofa. Gidan ya cika da rumfuna da mutane, ban san ta ina ake bi zuwa ɗakinta ba. Ya ji ban motsa ba.

"In ka fita, hagu," ya ce. Sai ya ɗaga hannu ya nuna mini gefen, ya ce, "Je."

Na same ta a bayan ɗakinta ita kaɗai, an ajiye mata tuwo ba ta taɓa ba. Na durƙusa na ce, "Mama, Baba ya ce in kawo miki." Na ɗauka za ta kore ni. Ta daɗe tana kallon hular, sannan ta karɓa, ta kai hanci, ta cusa ta cikin zaninta wajen ciki. Kukan da ta yi ba zan kwatanta shi ba, ba nawa ba ne da zan ba da labarinsa. Ina nan durƙushe har ta gama. Ta share fuska da bakin zani, ta turo mini kwanon tuwon da ƙafa.

"Ci," ta ce. "Da hannu da ka iya."

Na ci da hagu, ina ci ina kuka, kaki mai sitati duk ya ɓaci da miya.

Saje ya rasu ba da daɗewa ba. An ce kafin nan ta koma kai masa abinci da kanta, har tana zama ya gama. Ban ce saboda ni ba ne, kada wani ya ɗora mini abin da ban yi ba. Ni ɓata hanya kawai na yi. A jana'izarsa Bulus ne ya ja fareti, ni ina tsakiya ina bin ƙeyar na gabana, inda ya kamata a ce ina tun farko.

Darasin da na koya ba mai yawa ba ne. In an ce wa zai shiga gaba, ka fara duba ko gwanintar da kake taƙama da ita taka ce, ko ta wanda ke tsaye kusa da kai ce. Na cire igiyoyin nan biyu na sa a aljihun keken ɗinki, na kuma daina gyara wa sojojin talabijin layi. Hagu da dama kuwa har yanzu ban koya ba. In na hau mashin muka kai mararraba, mai mashin ya waiwayo ya ce, "Oga, ina za mu yi?", sai in ɗan yi shiru tukuna. Shi yana ɗauka tunani nake yi. Ni kuwa saurare nake.